Liyafar da Auta Ta Shirya wa Yaya

Auta na tsaye kan kujera tana ɗaura balan-balan a jikin labulen falo, wani saurayi ya yi sallama da sifika a kafaɗa.

"Ni ne mai sautin da aka kira. Ina zan ajiye?"

"Ko'ina," ta ce. "Don baƙi ne. Mai liyafar ma ba ya ji."

Yayanta kurma ne tun haihuwa. Ya gama digiri, ita kuma ta dage sai an tara masa jama'a a gida. Ta aro kujeru a maƙwabta, kofuna a wajen Gwaggo, tarkacen falo kuwa ta cusa a ɗakin Baba.

Mai Sauti ya kifa sifikar a kan teburin katako. Da falo ya cika, ya saki kiɗa, ya kamo tafin Yaya ya ɗora kan teburin. Yaya ya zaro ido, ya fara kaɗa kai, sai ga shi a tsakiyar fili yana rawa. Auta ta shige kicin wai ɗauko ƙanƙara, can ta share hawayenta.

Washegari saƙo ya shigo: "Na manta igiyar sifika a falonku. Ina jin zuciyata ma tana nan."

Ta mayar: "Igiya na gani. Ɗayar sai an yi shara."

Daga nan hira ta ƙi ƙarewa. Baba na jin labari ya ɓata rai.

"Mai yawon gidajen biki? Ga ɗan abokina injiniya yana jiranki."

Ana cikin haka ƙawarta ta tsegunta mata cewa duk Asabar ana ganin Mai Sauti da wata doguwar mata. Auta ta rubuta: "In ka samu wata, faɗa min kawai."

"Autata, farin cikina, ki jira ni gobe."

Ya zo kuwa. Ya gaida Baba, ya zauna gaban Yaya, ya fara magana da hannu. Ashe doguwar matar malamar kurame ce, darasi yake ɗauka. Yaya ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki.

"Me ya ce?" in ji Baba.

Auta ta rufe fuska. "Wai yana son ya ari ƙanwar Yaya. Aure yake nufi."

Yaya ya kama yatsun Mai Sauti ya gyara masa, ya rungume shi.

Duk tsawon shekarun nan, iyakar hirar Baba da ɗansa "zo" da "ci abinci". Ya cire tabarau ya goge.

"Ka turo manyanka," ya ce. "Malamar nan, tana karɓar tsofaffi?"

Ranar ɗaurin aure Baba ya dafa kan ango da amarya. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya albarkaci gidanku." Sannan ya juyo wajen Yaya, ya maimaita da hannu, a hankali, bai yi kuskure ko ɗaya ba.