Mai Saurare a Ƙarƙashin Matakala

Magariba ta kawo jiki, uwar gidan tana jera faranti a kan tebur, sai dutse ya faɗo a tsakiyar falo. Tagogi duk a rufe suke. Ya gangara a hankali, ya tsaya a gindin kujerar maigidan. Ɗaliba, Bahaushiyar baƙuwarsu, ta sunkuyar da kai, don tun da makaranta ta damƙa ta ga gidan nan ta zauna da su ta koyi yaren ƙasar, duk abin da ya faru ita take ji a jikinta kamar ita ta yi.

Kada a ɗauki alhakinsu, ba mugayen mutane ba ne. Maigidan direban bas ne, ba ya cika magana. Uwar gidan tana aiki a asibiti, kuma yadda take tafiyar da ɗakin marasa lafiya haka take tafiyar da gidanta. Abinci ba gishiri, wai don hawan jinin maigida. Ruwan zafi kafin ki gama saɓa sabulu an kashe. Ƙofar ɗakinta an hana Ɗaliba rufewa. Ga Auta, 'yarsu ɗaya tilo, kullum hannunta cikin akwatin Ɗaliba, yau turare, gobe man shafawa.

Yaren kuwa ji tana ji, mayarwa ce ke gagarar ta. Kafin ta harhaɗa kalmomi an wuce wurin. Saboda haka komai aka ce sai ta yi murmushi ta ce, "To, Mama, na gode." Ina za ta yi gardama? Dokar makaranta a fili take: ɗalibin da gida ya sallama, karatunsa ya ƙare, sai ya tattara ya koma ƙasarsu.

Wuri ɗaya take samun sarari: wani lungu a ƙarƙashin matakala, inda ake jibge tsintsiya da tsofaffin takalma. Kowace magariba nan take tsugunawa ta kira mahaifiyarta a waya, ta juye mata takaicin yini da Hausa, tun da ba mai ji.

Bayan dutsen nan abubuwa suka biyo baya. Aka buɗe tukunya aka tarar an juye mata gishirin gidan kaf. Maigidan yana wanka ruwa ya koma tafasasshe, ya fito da gudu yana salati. Ƙofofi suka riƙa rufe kansu da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai fushi yana zagaya gidan. Da rana lafiya lau. Rana na faɗuwa sai gidan ya yi nauyi, maganar mutane ta koma raɗa.

Ran da Auta ta fasa mata kwalbar turaren da ta zo da shi daga gida, Ɗaliba ta shiga lungun tana kuka.

"Inna, wallahi na gaji da yarinyar nan. Da ma a samu mai ɗaure mini hannuwanta in huta!"

Ba ta kai ga kashe wayar ba ta ji faɗuwar mutum a sama. Da aka haura, Auta ce yashe a tsakar ɗaki, hannuwanta biyu a manne a bayanta kamar an ɗaure da igiya, ido a kafe. Maigidan ya ja, ya ja, ko motsi. Uwar gidan ta gwada duk abin da ta sani na asibiti, sannan ta zauna daɓas ta ce a kira malam.

Malamin dattijo ne, ya zo da 'yar jakarsa, ya zauna a gefen yarinyar ya soma karatu. Ya daɗe yana yi. Can bakin Auta ya buɗe, wata murya ta fito, ta tsoho, a gajiye.

"Kai, dakata haka nan. Kana ƙona ni a banza."

Da Hausa. Auta da ko "sannu" ba ta iya ba! Malamin ya dubi maigidan, maigidan ya dubi matarsa, sannan duk suka juyo ga Ɗaliba.

"'Yata, yarenku ne?" in ji malamin. "To matso. Ke za ki yi mana tafinta. Tambaye shi wane ne, me yake so."

Ta matso ta tambaya.

"Ke ma kya tambaya? Ni baƙo ne kamarki. Cikin kayan wani ɗan kasuwa na zo tun kafin a haifi direban nan, ya tafi ya bar ni a lungun can. Yarensu ina ji, faɗa ce ba na iyawa. Shekaru ban ji maganar gida ba sai da kika zo kina tsugunawa a ƙofata kina kawo ƙara. Kin ce gishiri, na zuba. Kin ce ruwa, na tafasa. Kin ce ƙofa, na rufe. Har jifa na yi ko za su farga. Ba wanda ya gane komai, ke kuma gobe ki dawo da sabuwar ƙara! Faɗa musu."

Ɗaliba ta dubi malamin ta ce da yaren ƙasar, "Ya ce... hanya ce ta biyo da shi."

Hannuwan Auta suka ƙara murɗewa, yarinyar ta yi ƙara.

"Ƙarya! Na ce miki ina ji. Ga sharaɗina: ki faɗa musu komai da bakinki, yadda kike faɗa wa uwarki, in saki yarinya in bar gidan. Na gaji da aikin da ba a san ana yi ba."

Ɗaliba ta san abin da zai biyo baya: akwati, filin jirgi, idon mahaifinta. Ta dubi hannuwan Auta da suka fara kumbura. Sai ta fara, da gurguwar magana, kalma na tuntuɓe da kalma. Ta faɗi gishiri. Ta faɗi ruwa, ta faɗi ƙofa. Da ta zo kan abin da ta roƙa a yi wa Auta ta so ta tsallake, muryar ta yi gyaran murya, dole Ɗaliba ta faɗa.

Malamin ya ɗaure aljanin da alkawari, ya ci gaba da karatu. Auta ta yi atishawa, hannuwanta suka saki, ta fashe da kuka irin na yara. Can ƙasa, ƙofar lungun ta buɗe ta rufe a hankali.

Uwar gidan ta rungume 'yarta, ba ta ko ɗago ba. Ta ce wa Ɗaliba, "Ƙofar nan, tun makon farko nake jin kukanki ta bango. Na tambaye ki, kin ce 'na gode'. Me kike so in yi, in bar ki a rufe?"

Ɗaliba ta tafi ta haɗa akwatinta ta jira.

Washegari da magariba ta leƙa lungun. Tsintsiya, takalma, shiru. Mutum ɗaya da ke jin maganarta a duk gidan, shi ma ba mutum ba, kuma ta kore shi. Aka kira ta tebur. Ba wanda ya dube ta. Ta kai loma, lami kamar kullum, ta haɗiye, ta buɗe baki za ta yi godiya.

Uwar gidan ta dire kwalbar gishiri a gabanta har faranti ya yi tsalle.

"Ki kwance akwatin nan. Kuma daga yau, in abu ya dame ki, ga ni. Ni ma ina da kunne."