Ƙullin da Ba Shi da Baki

A shekarar da ake ta raɗe-raɗin za a yanko Jihar Neja, kowa a Kontagora yana da abin faɗa game da Malam Lukuman. Masu shayi sun ce boko ya taɓa masa kai a Zariya. Matan unguwa sun ce yaro ne mai ladabi, sai dai ba a san me yake yi da igiya ba, tunda ko akuya ba shi da ita. Mailafiya, dillalin shanu daga Bobi, ya rantse ya gan shi a gindin mangwaro yana ƙulla igiya, bakinsa na motsi.

Ruka, ungozoma a asibitin gari, ta ji duk wannan kafin ta gan shi. A rumfar mahaifiyarta Iyatu suka haɗu, inda ake sayar da igiyar rama.

"Inna, siririya nake so," in ji shi.

Ruka ta dube shi. "Me za ka ɗaure da ita?"

"Ba komai. Ita kanta nake ɗaurewa."

Ta yi niyyar haɗe rai, dariya ta ƙwace mata. Kafin hutun da ya zo daga jami'a ya yi nisa ya fara zuwa zance, ita kuma ta raɗa masa suna Mai Igiya.

Wata la'asar ya nuna mata ƙulli mai kunne uku, wanda ya tufke bakinsa biyu suka zama ɗaya.

"Lissafin siffofi nake karantawa, Rukayyata. Idan a tunani aka rarake sararin da ke kewaye da wannan ƙulli, aka sake cike gurbin a karkace, sai a sami sabon sarari. In an ƙidaya ramukansa babu ko ɗaya, kamar na asali. Amma ba shi ba ne."

"To da me kuke gane shi?"

"Akwai lambar da ake fitarwa, ko sifiri ko ɗaya, ba ta canjawa duk yadda aka murɗa shi. Na asali sifiri ne, wannan ɗaya. In an haɗa irinsa biyu sai lambar ta koma sifiri, amma ko akwai gadar da za ta kai su ga na asalin, ba wanda ya sani tukuna. Ita nake nema."

"Ni dai cibiya nake ƙullewa, kuma na san amfaninta."

Ya yi murmushi, ya miƙa mata. "Riƙe. Shi na fi so duk cikin ƙulle-ƙullena."

Mailafiya ya daɗe yana neman Ruka tana zillewa. Shi ya je ya durƙusa gaban mahaifinta, Alhaji Jumare, ya ce tausayi ne ya kawo shi, don yarinyar da ta ƙi kowa ba za ta faɗa wa mai ƙulle-ƙulle haka kawai ba.

Alhaji ya kira ta. "Ya taɓa ba ki wani abu?"

Da a ce ta ce a'a, da maganar ta mutu. Amma Ruka ta tuna yadda abin ya zo mata farat ɗaya, yadda take jin muryarsa ko tana tsakiyar aiki. Shin son nata ne, ko ɗaura mata aka yi? Ta shiga ɗaki ta ɗauko ƙullin.

Alhaji ya juya ƙullin yana neman baki, bai samu ba. Fuskarsa ta canja.

"Wannan ba a yi shi don a kwance ba. Kada in sake ganin yaron nan a ƙofar gidana."

Ruka da hannunta ta jefa ƙullin a murhun Iyatu. Aka yi mata rubutu ta sha. Sannan ta zauna jiran ranar da za ta farka ta ji zuciyarta wayam.

Lukuman ya koma Zariya. Ya aiko da 'yar wasiƙa ta hannun direban mota: "Rukayyata, na ji an ƙwace miki ƙullin. Kada ki damu, igiya ce. Ki ci abinci. Naki, Mai Igiya."

Kalmar "ƙwace" ta tsaya mata a wuya. Damina ta wuce, aka yi girbi, Ruka na ta ramewa.

Wata safiya ta durƙusa gaban mahaifinta. "Baba, an ƙona, na sha rubutu, na jira. Abin yana nan, har ya ƙaru."

Alhaji ya sallame ta. Daga baya ya aika Zariya a kira Lukuman.

A zaure, gaban limamin unguwa, ya jefa wa Lukuman igiya. "Ƙulla in gani."

Lukuman ya fara, leɓensa na motsi.

"Tsaya," in ji Alhaji. "Me kake karantawa?"

"Ranka ya daɗe, ƙidaya nake yi. Sama, ƙasa, sama. In na ɓata, wani ƙullin zai fito."

"Ɗaga murya."

Ya ɗaga, ya ƙulla har sau uku, ba abin da ya fito daga bakinsa sai sama da ƙasa. Liman ya kawar da kai yana danne dariya.

"Alhaji, wannan ba boka ba ne. Wahalalle ne kawai."

Alhaji ya gyara zama. "Ka turo magabatanka."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Iyatu ta dafa kan 'yarta ta ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, mata suka amsa da amin.

Washegari da hantsi Ruka ta kawo wa mijinta kunu, ta ajiye, ba ta tashi ba.

"Lafiya, amaryata?"

"Akwai maganar da nake riƙe da ita."

"In ta Baba ce, na manta. Uba ne, tsoro ya ji."

Ta ɗago ta dube shi.

"Ba a ƙwace ba, Mai Igiya. Ni na kai, ni na ƙona. Ni ma na zarge ka. Don Allah ka yafe mini."