Gidan Da Aka Saya Lakadan

Ranar Asabar da hantsi Gimbiya tana tsaye a falo gaban teburin guga, riguna goma sha huɗu na mutanen unguwa jibge a kan kujera, sai ta ji sallamar surukarta a bakin ƙofa. Ba sunanta na yanka ba ne Gimbiya. Mijinta ne ya laƙaba mata tun yana zuwa zance, sunan ya bi ta har gaban dutsen guga. Kafin ta kashe soket Inna ta shigo, babbar 'yarta da kowa ke kira Yaya tana biye da ita tana fifita da gefen mayafi.

"Gida kamar tanda," in ji Yaya. "Fanka biyu a falo, ko ɗaya ba ta juyawa. Don ado aka saka su ne?"

Gimbiya ta durƙusa ta gaishe su, ta kunna fanka ɗaya, ta kawo ruwa. Yaya ta ɗaga kofin ta leƙa cikinsa.

"Mai sayar da ƙanƙara, amma baƙi sai ruwan famfo. Allah Ya raba mu da maƙo."

Gimbiya ta haɗiye maganar kamar yadda ta saba haɗiye irinta shekara uku. Mijinta shi ne autan Inna, Auta ake kiran sa, akawu ne a wani kamfani, kuma tun yana yaro yayyensa ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Da bashin banki ya sayi gidan nan, na shekara goma sha biyu. Amma ranar da ya kawo dangi su gani, da ya ga yadda yayyen nasa ke shafa bango suna jinjina kai, bakinsa ya suɓuce ya ce lakadan ya biya. Bayan an watse ya riƙe hannun matarsa ya ce ta rufa masa asiri. Ita kuma da yake tana son sa, ta yi alkawari.

Tun daga nan, duk ashirin da biyar ga wata banki ke zare kusan rabin albashinsa, ita ke toshe ramin. Tana guga, tana sayar da ƙanƙara. Guntayen sabulu take tarawa ta dunƙule su su zama sabo, man goge baki sai ta farke kwalinsa da reza ta kankare, ruwan ɗaurayar wanki da shi take goge ɗakuna. Ɗakin waje mai kallon titi kuwa ta sa wata nas haya a ciki, kuɗin hayar shi ke cike sulusin abin da banki ke karɓa. Dangin miji ba su san inda kuɗin ke tafiya ba. Abin da suka gani kawai shi ne ɗansu mai kuɗi ya auro mace mai baƙin rowa.

Auta ya fito daga ɗaki ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar mahaifiyarsa. Inna ba ta yi kwana-kwana ba.

"Mai shagon da yayarka ke haya ya ƙara mata kuɗi. Ka sallami yarinyar nan ta ɗakin waje, yayarka ta zuba kayanta a ciki. Asabar mai zuwa za ta kwaso."

Gimbiya ta ɗago ta dube shi. Shi kuma ya dubi tabarma.

"Ko kuɗin hayar ne ba za ka iya rabuwa da su ba?" in ji Yaya. "Kai da ka sayi gida lakadan?"

Auta ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Haba, nawa kuɗin suke? Dama don kada ɗakin ya zauna haka ne."

"To sai dai idan madam ba ta sa hannu ba."

"Kun san halinta," in ji Auta. "Ba ta son ganin sisi ya gifta. Zan yi mata magana."

Suka yi dariya su uku. Gimbiya ta ji kamar an ɗora mata dutsen gugar a ƙirji. Zagin Yaya ta saba da shi, amma yau mutumin da take ƙona yatsunta dominsa ne ya sa baki aka yi mata dariya.

Suna fita ya biyo ta kicin. "Gimbiya, yi haƙuri, kin san ba yadda zan..."

"Kada ka ƙara kira na da sunan nan. Wace gimbiya ce ke wanke leda ta shanya?"

"Za mu san yadda za mu yi."

"Za mu? Ni ce dai zan san yadda zan yi, kai ka zauna kana washe baki. Saurara ka ji. Alkawari na yi maka, ba zan tona maka asiri ba. Amma tun da ka ce lakadan ka biya, na yarda. Daga yau matar mai kuɗi ce ni, kuma zaman matar mai kuɗi zan yi."

Ya ɗauka zafin rai ne, zai wuce. Bai san wadda ya aura ba.

A ranar ta mayar wa kowa rigunansa ba guga, ta ce ta bar sana'a. Ta kwashe ƙullin ƙanƙara daga firiza ta raba wa maƙwabta kyauta, ta ɗauki kuɗin cefanen wata guda ta cika firizar da kaji. Fankoki suka kama juyawa har a ɗakin da ba kowa. Yaran nata biyu da suka saba raba ƙwai ɗaya suka wayi gari kowa da biyu a faranti, har ƙaramar ta tambaya ko baƙi za a yi. Ta soya kaji biyu ta aika wa Inna, ta ce a ce daga Auta.

Kada mai karatu ya ɗauka daɗi take ji. Kowace kaza ta saka a mai sai ta lissafa rigar mutum nawa ce, sai ta juya wa ƙofa baya ta share hawaye. Gidan nan ta fi shi son sa, ita ta san inda kowane fenti ya ɓare. Amma ta gaji da sayen mutuncin miji da nata mutuncin.

Ranar Talata Yaya ta kira Auta a waya, murya cike da fara'a. "Ka ga da ka tsawata mata ta gyaru? Af, ka turo kuɗin fenti, ba zan zuba kaya a ɗaki haka ba."

Ranar Laraba mitar lantarki ta fara kuka, wutar da aka saya don ta kai ƙarshen wata ta ƙare. Ranar Alhamis saƙon banki ya shigo wayarsa yana tuna masa saura kwana biyar. Sau biyu yana zuwa ƙofar nas ɗin don ya sallame ta, sau biyu yana ɓigewa da tambayarta ya aiki. Da ya dawo daga ofis da yamma ya tarar da matarsa ta ci kwalliya tana zaune tana yanke farce.

"Kin san abin da kike yi kuwa? Idan ba a cike kuɗin nan ba tara za su ɗora mana. Idan aka jera wata uku haka, gidan nan tafiya zai yi."

"Wane gida? Wanda ka biya lakadan?"

"Don Allah ki bar wannan maganar."

"Ni na fara ta?" Ta ajiye abin yankan farcen ta miƙe. "'Yan kunnen da mahaifiyata ta ba ni suna ina? Wata na bakwai da fara biyan bashin nan suka tafi, lokacin da aka yi jinkirin albashi. Na taɓa yi maka gori? Shekara uku ban ɗinka sabon kaya ba. Ƙawayena sun daina gayyata ta ko'ina, sun ce ba na fidda ko sisi. Duk wannan bai dame ni ba, wallahi talauci bai taɓa ba ni kunya ba. Abin da ya ƙona ni, ka zauna a gaban mahaifiyarka ka ce sun san halina. Kai ka san halin nawa?"

Ya matso zai ba ta haƙuri.

"Ba ni za ka roƙa ba," in ji ta. "Ka san inda za ka kai maganar."

Asabar da safe motar kaya ta tsaya a ƙofar gida, Yaya a gaba tana ba direba umarni, Inna ta fito daga motar tana dafa ƙofa. Auta ya tare su a bakin get da takardar banki cikin wata farar ambulan a hannu, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Kada a sauke kayan nan. Inna, ƙarya na yi muku. Gidan nan na banki ne. Saura shekara tara in gama biya."

Inna ba ta karatun boko, sai ta miƙa wa Yaya takardar. Yaya ta karanta, ta sake karantawa, ta faɗa wa Inna abin da ke ciki.

"Kuɗin da kake kawo mini duk wata," in ji Inna a hankali, "daga ina suke fitowa?"

"Daga guga, Inna. Da ƙanƙara."

"Kana zaune ina kiran 'yar mutane marowaciya, alhali guminta nake ci?" Muryar tsohuwar ta tashi har direba ya kau da kai. "Ni na haife ka, na so ka tun ba ka da ko tsinke. Wa ya ce sai ka yi kuɗi zan so ka? Ka sa na ɗauki alhakin yarinya shekara uku saboda yayyenka su shafa bango?"

"Amma Inna, kayana fa..." in ji Yaya.

"Ki juya da motarki. Ki je ki roƙi mai shagonki, bakin da kike zagi da shi ai zai iya roƙo."

Inna ta shiga gidan ta sami Gimbiya tsaye a bayan labule. Gimbiya za ta durƙusa, tsohuwar ta riƙo kafaɗarta.

"Ni ya kamata in durƙusa. Ki yafe mini, 'yata. Daga wannan watan yayyensa ne za su ɗauki cefanena, dama su ya kamata."

Gimbiya ta kifa kai a kafaɗar surukarta ta yi kukan da ta daɗe tana ɓoyewa.

Sai dai kuka ba ya biyan banki, kuma saura kwana uku. Da la'asar Auta ya sayar da babbar wayarsa ya sayi ƙarama. Sannan ya ɗauki jaka ya bi unguwa gida-gida, shi da kansa, yana sallama yana cewa matarsa ta dawo da guga, a taimaka a kawo kaya. Maƙwabtan da yake ɗaga wa hannu daga nesa suka gan shi da ƙullin wanki a kafaɗa. Wasu sun yi dariya, kuma bai mutu ba. Ranar ashirin da biyar ga wata banki ya zari kuɗinsa cif.

Jama'a, bashi ba abin kunya ba ne, kuma tattali ba rowa ba ce. Abin kunya shi ne namiji ya yi adon ƙarya a waje, ya bar matarsa tana biyan kuɗinsa da mutuncinta a cikin gida. Wanda Allah Ya ba mace mai haƙuri, ya sani haƙurin nan amana ce a hannunsa, za a kuma tambaye shi.

Yanzu duk Asabar Auta ne ke goge wanduna, ita tana goge riguna. Makon farko ya ƙona wa wani malamin makaranta ƙafar wando. Gimbiya ta duba ramin, ta dube shi, ta ce za a cire daga kuɗin motarsa. Mako biyu yana zuwa ofis a ƙafa.