Kwanon da Duba-Gari Ya Ƙi Ci

Tukunyar miyar akuya, an ɗaure murfinta da tsumma. Ludayi. Ragowar ɗanyen nama a bokiti. Takalmi wari ɗaya. Mace ɗaya.

Abin da ke bayan motar 'yan sanda ke nan lokacin da ta baro tashar motocin Kumasi. Matar ita ce Maame Dufie, mai gidan fufu na bakin tasha. Ɗaya warin takalminta ya faɗi ne sa'ad da ake ƙwato ta daga hannun direbobi, waɗanda suka zo da fetur a jarka. Abokinsu Yaw Krah ya ci fufunta ranar Juma'a, da safiyar nan ya mutu a asibiti. Wasu da suka ci na kwance ana ƙara musu ruwa.

Sufeto Ntim na zaune a gaba. Babban ofisa ya riga ya faɗa masa: in ba a sami mai laifi kafin yamma ba, matar za a kai kotu da laifin kisa.

A ofis ya tambaye ta inda ta sayi nama. Ta ce wajen Agya Bempa mahauci, kamar kullum.

"Bai yi wari ba?"

"Daga ƙanƙara ya fito, Yallaɓai. Kuma da tambarin hukuma a fatarsa. Ban yi boko ba, amma na san shunayyar tawada."

Ntim ya ɗaga wata cinya daga bokitin. Tambarin na nan raɗau. Ƙarƙashin fatar kuwa naman ya soma kore.

Agya Bempa ya rantse daga mayanka ya ɗauko. Kofur Nyanta, wadda ke aiki da Ntim, ta je ta dawo: duk makon ba a ga ƙeyarsa a mayanka ba. Sai ya ce ya tuna, a hannun wani baƙo ya saya, ya manta kamanninsa.

"Agya," in ji Nyanta, "kai da ka san kowane bunsuru na garin nan har da uwarsa, fuskar mutum ce ta gagare ka?"

Ya sunkuyar da kai. Ntim ya sa a ajiye shi.

A mayankar ne Nyanta ta jiyo wani labari. Farkon mako wuta ta lalace a wani ɗakin sanyi, nama ya ɓaci, majalisar gunduma ta ƙwace shi. Dokar kuwa a fili take: a zuba kananzir, a binne, a gaban duba-gari.

Duba-garin shi ne Mista Asabere. Sun same shi a ofishinsa, riga a goge, ga ƙaton kwaɗon kulle ƙofa a kan tebur. Ya ce da hannunsa ya zuba kananzir, a kan idonsa aka binne a bayan juji. Batun Maame Dufie kuwa, ya sha yi mata gargaɗi kan ƙazanta, yau ma zai je ya garƙame mata gida.

"Kai mu ramin," in ji Ntim.

Ungulaye na can ɗaya gefen jujin suna kokawa kan hanjin kaji. Ko ɗaya ba ta kusanci ramin ba. Babu ƙuda, babu sawun kare. Ntim ya durƙusa ya sansana ƙasar. Babu kananzir.

Aka tona. Kwalaye ne cike da ɓawon rogo.

Asabere ya goge wuya. Ya ce lalle ɓarayi ne suka dawo suka tone, garin nan ai babu tsoron Allah.

"Ɓarayi masu ladabi," in ji Ntim. "Har suka mayar maka da kwalayenka."

Ya koma wajen Maame Dufie. Ya tambaye ta yaushe duba-gari ya duba mata madafa na ƙarshe. Duk da halin da take ciki, sai da ta yi guntuwar dariya.

Ta ce Asabere bai taɓa taka madafarta ba. Duba wuri a layinsu shi ne kwano. Duk Juma'a yakan zo ya zauna a benci, a kawo masa fufu da tsoka mai kyau, ya ci, ya wanke hannu, ya ce wuri ya yi tsabta. Haka kowa ke yi masa, ba a karɓar komai.

"Ranar Juma'ar nan fa?"



"Ya zo. Na ajiye masa kwano, sai ya tambaye ni naman wa ne. Na ce na Agya Bempa. Ya ture, ya ce cocinsu sun sa azumi."

Nyanta ta fita. Ba ta daɗe ba ta dawo. Mai dokunu, wato tuwon masara mai tsami, ta maƙwabta ta ce da Asabere ya tashi daga bencin Maame nata ya hau, ya ci dokunu da kifi, har da ƙari.

Ntim ya sa aka zaunar da Asabere da Bempa a ɗaki ɗaya. Ya ajiye cinyar nan a tsakaninsu, tambari a sama.

"Mista Asabere, ranar Juma'a da rana babu wanda cikinsa ya murɗa tukuna. Babu wanda ya san naman nan na da wani abu. Me ya hana ka cin kwanonka?"

"Na ce azumi nake."

"Azumin da dokunu ba ya karyawa?"

Bempa ne ya fashe.

"Shi ya kawo mini a but ɗin motarsa. Shi ya buga tambarin a gabana. Ya ce in dai an dafa sosai, ba komai."

"Rufe mini baki, ɗan iska," in ji Asabere.

"Ka zauna a bencin," in ji Ntim. "Ka ga ana zuba wa Yaw Krah. Kalma ɗaya ta isa."

Asabere ya dubi cinyar. Ya ce:

"Da na ce a zubar, sai ta tambaye ni dalili."

Nyanta ta sa masa ankwa, ta tasa shi da Bempa gaba zuwa bayan kanta.

Ntim da kansa ya mayar da Maame Dufie tasha. Ya tsaya a gaban direbobin, ya faɗa musu wanda aka kama da dalili. Ɗayansu ya ɗauke jarkar, wani ya tsinto mata warin takalminta.

Ta biyo shi har mota.

"Yallaɓai, kwanonka na nan kamar yadda aka saba."

Gaskiya ne. Shi ma duk Talata a bencin nan yake ci, bai taɓa sa hannu a aljihu ba.

Ya shiga, ya ja ƙofa ta rufu.

"Daga yau biya zan yi, Maame. Kuma sai na leƙa tukunya."