Kwanon Lalle a Watan Disamba

Shin ƙarya ce idan gashi ne ya faɗe ta, ba baki ba? Shekara biyu Mehwish tana kwana tana tashi da wannan tambaya, ba ta samu amsa ba.

Da hantsin ranar tana tsugune a kicin, kwanon lalle a gabanta, yatsunta sun ƙage don sanyi. Dusar ƙanƙara ta riga ta rufe duwatsun garinsu Abbottabad. Saura kwana huɗu a yi bikin shafa mai, ranar da uwar ango za ta yaye mayafin amarya a gaban mata, ta zuba mata mai a ka da hannunta.

Shekararta ashirin da shida, amma rabin kanta fari ne fat. Rinin kanti kumbura mata fuska yake yi. Lalle da garin shuni ne rufin asirinta, kuma tun da sanyi ya shigo ba ta sa ba. Furfurar ta fito tsawon gaɓar ɗan yatsa.

"Ajiye kwanon nan," in ji mahaifiyarta daga bakin ƙofa.

"Ammi, awa huɗu ne kawai."

"Awa huɗu da ɗanyen lalle a ka, a Disamba? Lalle sanyi gare shi, ke ma kin sani. Bara kwana goma sha ɗaya na yi a gefen gadonki ina sauraron huhunki yana kuka."

"To in yi yaya? In tsaya gaban mata sittin kamar kakar ango?"

"Ki tsaya a raye dai."

"Wallahi gara a kwantar da ni da a ga kan nan a haka..."

Wayarta ta yi ƙara. Taimur ne, angon.

"Meeshi, raina, me ya samu muryarki?"

Ta rufe ido, ta faɗa masa komai a numfashi ɗaya, kafin tsoro ya dawo.



"Guda nawa ce furfurar? In zo mu ƙirga?"

"Taimur, kuka fa nake yi."

"Na ji. Yi haƙuri." Muryarsa ta sauka. "Na sani tun jiya. Sundus ta faɗa wa Ammina. Wai ta hango ranar da kuka je awon kaya, mayafinki ya zame."

Sundus 'yar ƙanwar mahaifiyarsa Khala Nuzhat ce, wadda dangi suka so ya aura.

"Me Khala Nuzhat ta ce?"

"Ta ce an rage mata shekarunki. Ta rantse ba za ta sa hannunta a kan da aka yi mata rufa-rufa da shi ba."

Mehwish ta kalli kwanon.

"Shi ke nan. Yau zan sa. Ranar biki ta buɗe ta ga baƙi wuluk, Sundus ta tashi maƙaryaciya a gaban kowa."

"Sundus mugunta ta yi, Meeshi, amma ba ƙarya ta yi ba."

"Au, ita kake karewa?"

"Ƙirjinki nake karewa. Ni ba gashi zan aura ba."

"Kai namiji ne. Furfurarka girma ce, tawa kuwa abin kunya."

Ta kashe wayar.

Bayan azahar Ammi ta shiga ɗaki salla. Mehwish ta cire mayafi, ta warware kitsonta, ta tsoma hannu a lallen. Sanyinsa ya ratsa ta har haƙora. Ta ɗora a gaban goshi, ta sake ɗebowa.

Ba ta ji tsayuwar mota ba. Sai ganin Khala Nuzhat ta yi a ƙofar kicin cikin farin bargon kafaɗa, Sundus a bayanta, Taimur can tsakar gida ya kasa matsowa.

"Na zo in gani da idona," in ji Khala Nuzhat.

"Kin gani ko, Khala?" Sundus ta ce a hankali. "Har ma mun tarar ana gyara."

Mehwish ta lalubi mayafi, sai ta fasa. Me ya rage?

"Ku duba, Khala. Haka yake tun ina shekara ashirin. Shekaruna ban rage ko ɗaya ba, ga takardar haihuwata a ɗaki. Amma wannan... wannan na ɓoye. Tsoro na ji kada ku..."

Tari ya sarƙe ta. Tari mai zurfi, mai fito a ƙarshe. Ta dafe ƙirji da hannun lalle.

Fuskar Khala Nuzhat ta canza. Duk unguwa an san 'yarta Areeba, da yadda ciwon huhu ya ɗauke ta a wani watan sanyi, shekara tara da suka wuce.

"Tun yaushe take wannan tarin?"

Ammi ce ta amsa, carbi a hannunta. "Tun bara. Na hana ta lallen, ta ce gara asibiti da ki ga kanta."

"Saboda ni?"



Khala Nuzhat ta ɗauki kwanon, ta miƙa wa Sundus ba tare da ta kalle ta ba.

"Je ki zubar a magudana. Ki wanke kwanon kuma."

"Khala, ai ke kika rantse..."

"Zan yi kaffara. Tafi."

Ta tsuguna da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara. Da gefen farin bargonta ta goge lallen daga goshin Mehwish, bargon ya ɓaci, ba ta ko duba ba.

"Wawuya," ta ce. "Na binne mai baƙin gashi har gadon baya. Me baƙin ya tsinana mini?"

Mehwish ta fashe da kuka.

Khala Nuzhat ta waiwaya. "Taimur, daina leƙe kamar ɓarawo. Ɗauko man darbejiya ko na kwakwa, duk wanda ke gidan, ka ɗumama."

"Ammi, ai sai ranar Alhamis..."

"Na tambaye ka kwanan wata?"

Da ya kawo, ta zuba man mai ɗumi a tafin hannunta. Ta raba farin gashin gida biyu, ta fara shafawa daga tushe.