Auta a Layin Masu Ƙorafi

"Ba ke na zo gani ba. Kira min dogon nan."

Matar ta dangwarar da bilandarta a kan teburin karɓar ƙorafi, awarwaronta na ƙara. Auta ta juya ta kira Dogo, abokin aikinta a kantin kayan wutan, kuma wanda aka sa musu ranar aure da shi.

Dokar kantin ce: mai ƙorafi a ba shi kujera da ruwan sanyi, kada a katse shi, kada a yi masa musu ko da shi ne da laifi. Kowa na bi, amma Dogo abin a jininsa yake. Ya sassauta murya, ya ce ranki ya daɗe, ya ce ai laifinsu ne. Matar da ta shigo tana huci, sai ga ta tana fari da ido, wai ko yana zuwa gyara har gida?

Bilandar nan kuwa lafiyarta ƙalau. Auta ta gani da idonta, robar ƙasan bilandar ce matar ke cirewa ta jefa a jaka kafin ta shigo, kuma ba yau farau ba.

Kishi ya hana Auta sakat. Ba matar ce ta fi ci mata rai ba, muryar ce. Ita bai taɓa yi mata irin wannan murya ba. Ita sai gardama, a kan launin labule, a kan wa ya fara kashe wa wani waya. Mamarta dama hankalinta bai kwanta da shi ba, ta ce mai lallashin matan gari ba abin yarda ba ne. Yayar Auta ta ce a mayar musu da kayansu tun da wuri.

Ranar hutunta ta ci kwalliya, ta zo kantin, ta bi layi kamar kowa. Mai bilanda ma ta sake dawowa, tana bayanta. Da aka zo kanta ta zauna a kujerar, ta zare zoben da ya ba ta, ta ajiye a gabansa.

"Na kawo ƙorafi, Malam."

Dogo ya yi sororo. Hannunsa da ya saba ya miƙo mata ruwa.

Ta fara zubo masa abin da ke ranta. Ta ce kowace mace na samun haƙurinsa ban da ita. Ta ce ta gaji da kallon sa yana narkewa a gaban wata, ta san ma son matar yake yi...

"Ke, dakata! Wallahi ba haka ba ne!"

Kantin ya yi tsit. Ba a taɓa jin Dogo ya ɗaga murya a teburin nan ba. Manaja ya leƙo daga ofis.

"Su duk abin da suka faɗa to nake cewa, don da sun fita ba ruwana da su. Ke fa? In na ce miki to a kan abin da ba haka ba, da wa zan zauna har tsufa?"

Mai bilanda ta tsoma baki, wai wannan wane irin wulaƙanci ne ake yi wa masu sayayya. Ko kallon ta bai yi ba ya ce Hajiya ta duba jakarta, robar na ciki. Ta suri bilandarta ta yi waje.

Manaja ya ce Dogo ya same shi a ofis yanzu-yanzu.

Dogo ya miƙe, fuska a murtuke, ya tura mata zoben.

"Wannan ba a dawo da shi. Ki saka, masoyiyata... in na fito mu ƙarasa faɗan."

Hawaye suka zubo mata, ga dariya na neman ƙwacewa. Daɗi ya cika ta har wuya. Ta mayar da zoben, ta kurɓi ruwan, ta gyara zama tana shirya amsar da za ta ba shi, don maganar labule dai ba ta janye ba.