Kwalin Wayoyin Zabo

Ana saukowa daga sallar Juma'a Hajiya Zouera ta shigo komisariyar Magariya, wato ofishin 'yan sanda, mayafinta na jan ƙasa.

"Ranka ya daɗe, an kwashe mini kwali! Salula talatin, ko ledarsu ban gama ɓarewa ba!"

Ansifekta Abdulmumini ya ture kwanon abincinsa. Ya san ta, shekara tara ita ce wakiliyar wayoyin Zabo a garin.

"Zauna, Hajiya. Waɗanne salula?"

Ba ta zauna ba. Ta ce wani kamfanin manhaja mai suna Kainuwa ya saye masana'antar Zabo kacokan, ya fito da sabuwar waya, ita ce ke cikin kwalin. Gobe wakiliyar kamfanin za ta zo daga Damagaram a nuna wa jama'a. Daga nan wakili ɗaya tak za a bari a Magariya da Dungas.

"Ke da wa kuke nema?"

"Ni da Mala Abdulwahabu na Dungas. Shi ne, wallahi shi ne!"

Butik ɗin Hajiya, shagon da take sayar da wayoyi, yana bakin tasha. Abdulmumini ya juya kwaɗon ƙofar a hannunsa, babu ko ƙwarzane. A ciki tsofaffin wayoyi na jere a gilashi, ba a taɓa ko ɗaya ba. A kusurwa wani dattijo mai tabarau yana zaune gaban tebur cike da ƙananan sukurori.

"Wannan fa?"

"Malam Wada ne, mai gyara," in ji Hajiya. "Tun da na buɗe muke tare."

"Malam Wada, makulli nawa ne?"

"Biyu, ranka ya daɗe. Ɗaya wurina, ɗaya wurin Hajiya. Ni na rufe ƙarfe ɗaya na tafi masallaci."

"Ka ga wani yana shawagi?"

Wada ya gyara tabarau. "Na ga motar Mala a tasha da hantsi."

"Kai ka taɓa sababbin wayoyin?"

"Ko kwalin ban buɗa ba."

Abdulmumini ya hau babur ya kama hanyar Dungas. Yashi na fizgar taya, shi kuma kwaɗon nan na fizgar tunaninsa. Ya tarar da Mala a shagonsa, wani ƙaton mutum mai yawan share gumi.

"Ina kake da azahar?"

"Guci, Shef. Na kai kaya."

"An ga motarka a Magariya."

"Motoci na kama da juna."

"To tashi mu je Guci, ka nuna mini wanda ka kai wa."

Mala ya dubi ƙofa, ya sassauta murya. "Shef, ka rufa mini asiri. Na je Magariya. Amma wani baƙo na je gani, ɗan wani kamfanin waya dabam. Tun da Kainuwa ta sayi Zabo suke zawarcin 'yan kasuwa, suna son su cika kasuwa da nasu kafin sabuwar ta kafu. Na sa musu hannu a kwantara yau. Ni na bar Zabo, me zan yi da kwalin Zouera?"

Ya zaro takardar yarjejeniyar daga aljihu. Ga kwanan wata, ga hatimi, ga shaidu biyu. Abdulmumini ya kira ɗaya daga cikinsu, ya tabbatar suna tare da Mala har bayan sallah.

Ya fito ya tsaya a rana yana kaɗa makullin babur. Saura masu makulli, su biyu. Ko Hajiya ce ta ɓoye kayanta don ta shafa wa abokin hamayya baƙi? Ya nemi lambar wakiliyar Kainuwa, wata Madam Amira, ya kira ta.

"Madam, wayoyin nan ana iya bin sawunsu?"

"Sai an kunna su, Ansifekta. Bari in duba." Ya ji ƙarar madannai. "Ashirin da tara ba su taɓa tashi ba. Ɗaya ta tashi jiya Alhamis da la'asar, kuma ta kulle kanta."

"Don me?"

"An ɓalle bayanta. Sabon tsarinmu ke nan. Duk wanda ya buɗe wayar ba a santar ɗinmu ta gyara da ke Damagaram ba, manhajar za ta rufe ta."

"Kowa na iya ɓalle ta?"

"Ina! Manne take da gam. Sai wanda ya san aikin, mai injin zafi na narkar da gam."

Bai ko yi mata sallama ba ya tayar da babur.

Kafin magariba ya iso butik ɗin Hajiya. Wada na nan a tebur, Hajiya na kai da komo a bakin ƙofa. Abdulmumini ya ja kujera ya zauna dab da dattijon.

"Malam Wada, jiya da la'asar Hajiya na nan?"

"Ta je suna," in ji shi, bai ɗago ba.

"Ka ce ko kwalin ba ka buɗa ba. Amma ɗaya daga wayoyin ta gaya wa Damagaram an ɓalle ta a daidai lokacin. Wa ke da injin zafi a shagon nan?"

Ɗan sukurun da ke hannun Wada ya faɗi ya gangara ƙarƙashin tebur. Ya cire tabarau.

"So na yi in ga cikinta, kamar yadda nake yi wa kowace sabuwa. Ina ɗaga murfin ta mutu a hannuna. Ta rubuta wai a kai ta santar." Ya ajiye tabarau a kan tebur. "Shekara ashirin da biyu ina gyara, ranka ya daɗe. Daga rediyo na faro. Rabin mutanen garin nan Zabo suke riƙewa. In wannan ta shigo, me za a kawo mini? Na ce in babu kwalin gobe, kamfani zai yi fushi ya bar yankinmu, mu ci gaba da tsofaffinmu."

"Sai ka jefa Mala a ciki."

"Na ga motarsa da gaske. Bakina ne ya riga ni."

"Ina kwalin?"

"Waca. Cikin rumbun geron ƙanwata. Na ba direban taksi a buhu, bai san kome ba."

Hajiya ta dafa bango. "Malam Wada! Da ka gaya mini mana, da mun tayar wa Madam da maganar gobe!"

"Kunya na ji, Hajiya. Waya ta fi ƙarfina."

Abdulmumini ya miƙe. Ankwa na aljihunsa, bai fito da ita ba.

"Tashi, Malam. Waca za mu fara zuwa, sannan komisariya."

Wada ya kashe injin zafin, ya lulluɓe teburin da tsumma. Ya ciro makullin butik daga wuyansa ya miƙa wa Hajiya.

"Akwai wayar Indo mai ƙosai a aljihun tebur," ya ce. "Na gama ta. In ta zo, ki ba ta."

Sannan ya bi bayan Ansifekta.